Yaron da aka kayar yau, ina za shi gobe?



Maganarmu ta yau a kan kokowa take. Sai dai za mu bar wanda ya ɗauki takobi ya huta, shi yana da makaɗa da maroƙa, yana da radiyo da talabijin. Wanda ya dame mu shi ne yaron nan ɗan shekara 13 ko 15 da ya yi ta maza ya shiga fage karon farko bayan an kai hatsi rumbu, aka sunkuce shi aka buga da ƙasa, dandali ya ɗauki ihu da shewa, ya tashi yana kakkaɓe rairayi ya sulale gida. Kowane gari yana da irinsa, daga Tibiri har Gangara. Da yawansu ba sa sake ɗaura ɗamara har abada. A ganinmu muna asarar ƴan kokowa tun ba su zama ƴan kokowa ba, kuma dalili ɗaya ne: mun ɗauki dokar gasa mun mai da ita dokar koyo.

Abin da ya jawo mu ga wannan magana yana hannun samarinmu. Leƙa kowace fada da dare, shayi yana kan wuta, za ka tarar an haɗa kai a kan salula ana kallon faɗan keji na ƙasashen waje, da wata irin kokowar ƙasa da ake kira jujitsun Birazil. Sai ka ga siririn mutum ya naɗe ƙato kamar igiya, ya shaƙe shi ko ya lanƙwasa masa hannu har ya sallama. Bidiyon bai wuce minti ɗaya ba. Shekarun da siririn nan ya yi ana danne shi kafin ya kai nan, su ba a ɗauke su ba, kuma a cikinsu darasinmu yake.

Asalin abin daga Japan ne. Wani gwanin judo mai suna Mitsuyo Maeda ya sauka Birazil a 1914, ya koya wa Carlos Gracie, shi kuma da ƙannensa, musamman Helio, suka ƙarfafa ɓangaren da ake yi a kwance, inda dabara ke iya rinjayar nauyin jiki. Duniya ba ta waiwaye su sosai ba sai a watan Nuwamba na 1993, lokacin da aka yi gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka. Royce Gracie, wanda nauyinsa bai wuce wajen kilo 80 ba, ya kara da mutum uku a dare ɗaya, duka suka sallama. Tun daga nan makarantun wannan wasa suka bazu a duniya.

To, ga yadda tafiyar sabon shiga take a irin waɗannan makarantu. Ranar farko ana ɗaura masa farar ɗamara, alamar bai san kome ba, kuma babu kunya a ciki don kowa da ita ya fara. Watannin farko azaba ce tsantsa. Yana riƙe numfashi, yana sa ƙarfi inda ba a bukata, minti biyu ya yi laushi. Wanda bai kai shi girma ba zai danne shi ya hana shi motsi. A darasi guda sai ya sallama sau biyar, sau goma. Abin da ake fara koya masa shi ne yadda zai faɗi bai ji ciwo ba, yadda zai tattara gwiwar hannu jikinsa, yadda zai kare wuyansa, yadda zai zame ƙugu ya fita daga ƙarƙashin mutum. Kamun da ake gani a bidiyo, shi ne na ƙarshe a layi.

Ci gabansa kuwa da ƙananan abubuwa ake auna shi. Wanda yake gama da shi cikin daƙiƙa 30, yau sai da ya yi minti biyu. Jiya ya firgita da aka danne shi, yau ya yi numfashi ya jira dama. Wata uku baya bai san yadda aka yi aka kama shi ba, yanzu yana ganin kamun yana tahowa ko da bai iya tare shi ba. Malami yana lura, lokaci zuwa lokaci sai ya manna masa ɗan farin ƙyalle a bakin ɗamara, har su kai huɗu. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu, in ya dage, sai a ba shi shuɗiya. Daga nan shunayya, sai mai ruwan ƙasa, sai baƙa. Galibi mutum kan share wajen shekara 10 kafin ya ɗaura baƙar ɗamara. Yara ƴan ƙasa da shekara 16 ma nasu launukan daban ne, ba a gwama su da manya.

Abin da ya riƙe wannan tsari duka shi ne dokar sallamawa. In an kama ka ka ji babu mafita, sai ka bubbuga jikin abokin karawarka da tafin hannu, ko ka bubbuga ƙasa, ko ka faɗa da baki. Nan take dole ya sake ka. Ku tashi ku gaisa, ku sake farawa. Ba mai yi maka dariya, don wanda ya kama ka ɗin shi ma ya bubbuga sau dubbai kafin ya iya. Ko a gasarsu, kayar da mutum maki 2 ne kawai, ƙetare ƙafafunsa ka danne shi maki 3, hawa ruwan cikinsa ko kama bayansa maki 4. Wato an kai ka ƙasa, amma wasa bai ƙare ba.

Mu dawo gida. A kokowarmu, da an kai mutum ƙasa zance ya ƙare. Wannan doka tana da kyau, kuma ba mu ce a taɓa ta ba. Ita ta sa kokowa ta zama wasan mutunci: ba a bin wanda ya faɗi da duka, ba a zubar da jini, sau da yawa wanda ya yi kaye shi ke miƙa hannu ya tada ɗan'uwansa. Ita ce kuma ta sa gasar takobi take da daɗi. Tun da aka fara ta a Tahoua a 1975, inda namu na Maradi, Yakuba Ango Kantu, ya zama sarki na farko, ƙa'idar ita ce wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Jahohi 8, kowace da mutum 10, ƴan kokowa 80 kenan, ɗaya tak zai koma gida bayansa bai taɓa ƙasa ba. Shi ya sa in an ce Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi sau 6, kowa ya san ba ƙaramin abu aka faɗa ba.

Amma wannan ma'aunin manya ne, waɗanda suka riga suka gawurta. Matsalar ita ce da shi muke auna yaron da ya fara jiya. Inda yake koyo nan ne inda ake gasa: dandali, da ganga, da ƴan kallo, da ƴan mata a gefe. Kayensa na farko a gaban gari duka ake yi. Washegari a rijiya, a kasuwa, a lakwal, sunansa ya zama wanda wane ya kayar. Ba wanda zai ce masa, ka ga, ƙafarka ta hagu ka bari a gaba, shi ya sa ya same ka. Ba wanda zai ce, bara da taɓawa ɗaya ya gama da kai, bana sai da ya yi gumi. A wurinmu matsayi biyu ne kawai, ko ka yi kaye ko an kayar da kai. Tsakanin yaron dandali da filin kokowa na Maradi mai ɗauke da sunan Kantu, babu matakalar da yaro zai gani ya ce yau ina nan, baɗi in Allah ya so ina can.

Sakamakon haka, waɗanda suke tsira su ne masu girman jiki tun suna ƙanana, da waɗanda suka tashi a gidan kokowa, uba ko kawu yana gyara masu kamu a bayan gida ba mai gani. Sauran fa? Yaron da bai yi saurin girma ba, mai natsuwa, mai ido, wanda da ya samu shekara biyar ana gyara shi da ya zama abin tsoro, shi kan bar fage tun yana ɗan 14. Ba mu taɓa sanin me muka rasa ba.

Ga kuma wani haɗari sabo, kuma muna roƙon iyaye su buɗe kunne a nan. Yaran da suka kalli bidiyon nan suna gwadawa a junansu, babu malami, babu dokar sallamawa. Shaƙar da ake yi a jujitsu tana toshe jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne ta gefen wuya. Cikin daƙiƙa kamar 10 mutum zai iya suma, in aka ci gaba da riƙewa kuwa ƙwaƙwalwa na iya lalacewa, ko a rasa rai. Lanƙwasa gwiwar hannu ko kafaɗa, ƙiftawar ido ce tsakanin zafi da gocewa. A can an ɗaure abin da doka mai tsauri da malami a tsaye. A nan kuwa ya haɗu da ɗabi'armu ta namiji ba ya cewa wayyo. Yaron da aka raina shi a kan cewa sallamawa abin kunya ce, aka kuma nuna masa kamun da ba shi da magani sai sallamawa, wallahi an haɗa masa wuta da auduga.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce kokowa baiwa ce, gado ce, ba a koyon ta a aji. Gaskiya ne akwai baiwa. Amma duk wanda ya zauna da tsofaffin ƴan kokowa ya san suna da ilimi mai zurfi: yadda ake sa taɗiya, yadda ake shiga ƙugu, yadda ake ɗaukar ƙafa, yadda ake karanta nauyin mutum tun daga kamun hannu. Wani ne ya nuna masu. Abin da muke cewa shi ne a fito da wannan nunin daga bayan gida, ɗan talaka da bai gaji kokowa ba shi ma ya samu.

Za a kuma ce wannan tsarin ɗamara kala-kala kayan baƙi ne. To mu duba makarantar allo. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan ya kama haɗa baƙi. Ana ce masa kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, mai rabo ya kai alaramma, ya kai gwani. Ba a taɓa zaunar da kolo gaban gwani a ce su yi musabaƙa, in ya kasa a yi masa ihu ba. Haka apranti a garejin gyaran babur: wanke ƙarfe da miƙa sifana yake yi kafin a bar shi ya buɗe inji. Haka yaron tela, da ɗinkin maɓalli yake farawa. Matakala tamu ce tun fil'azal. A kokowa kawai muka manta ba mu kafa ta ba.

Kada kuma a ɗauka muna cewa a bar kokowa a kama jujitsu. Ina! Wasan yana da tsada, sai da riga ta musamman, da katifu, da malamin da ya yi shekaru yana koyo, kuma a wurare da yawa kuɗin wata ya fi ƙarfin talaka. Ban da haka, abin da ƴan jujitsu da yawa suka fi rauni a kai, wato kayar da mutum daga tsaye, shi ne abin da yaranmu suke tashi da shi. Dubi Oumar Kane na Senegal, wanda ake kira Reug Reug. Daga kokowar gargajiya ya fito, ya je ya ƙara da dabarun ƙasa da naushi, a watan Nuwamba na 2024 ya ɗauki kambun masu nauyi na gasar ONE. Tushe muna da shi. Tsarin reno ne ya yi mana ƙaranci. Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya kawo wa Nijar azurfa daga wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya na tekwando a 2017, shi ma wasan da ya ɗaukaka shi mataki-mataki ake hawansa, daga farar ɗamara.

Me za a yi kenan? Abin da muke ba da shawara ba ya bukatar jiran Yamai.

Na farko, a raba filin koyo da filin gasa. Kowane gari ya ware wuri, a zuba rairayi mai laushi, a tsince duwatsu da ƙaya da fasassun kwalabe. Yamma biyu a mako, tun daga kaka har zafi ya tsananta. Ba ganga, ba kirari, ba taron ƴan kallo. A nan faɗuwa ba ta shiga lissafi. Yaro ya faɗi sau ashirin, ya tashi sau ashirin, a nuna masa dalilin kowace.

Na biyu, darasin farko ya zama faɗuwa. A koya wa yaro ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugu, kada kuma ya miƙe hannu ya tokare ƙasa in zai faɗi, don ta nan ake samun karayar wuyan hannu da gocewar gwiwa. Yaron da ba ya tsoron ƙasa shi ke iya kai hari da zuciya ɗaya. Wasan langa da muka yi muna yara, a dawo da shi, babu abin da ya kai shi koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya.

Na uku, a haɗa yara daidai da shekaru da nauyi. Takobi ba ya raba nauyi, wannan an sani, amma a gasannin ƙasa da ƙasa ana aunawa. Sikelin da ake auna buhun aya da shi a Caduwa zai iya auna yaro. Haɗa ɗan kilo 40 da ɗan kilo 60 ba gwajin jarumta ba ne, ganganci ne.

Na huɗu, a kafa matakai uku ko huɗu, a ba su sunaye da Hausa, a sa masu alama ko da zare ne mai launi a ɗamara. Tsofaffin ƴan kokowa na gunduma su zauna su yarda a kan abin da yaro zai nuna kafin ya haye: iya faɗuwa, iya tsayuwa, kamu kaza, kariya kaza, da ladabi. Sau ɗaya a shekara a yi gwaji. Sharaɗi guda: kada a sayar da matakin, kada a bayar don ɗan wane ne. Ranar da kuɗi ko alfarma suka shiga, zaren ya zama tsumma.

Na biyar, malamai suna nan zaune a cikinmu. A Tibiri, a Cadakori, a Gidan Sori, a Gazawa, akwai mutanen da suka taɓa wakiltar gari ko gunduma, yau gwiwa ta gaji, ba mai tuna su sai in gasa ta zo. Magadan gari da sarakunanmu su kira su, komin ta ware masu ɗan abin goro a wata, daraktocin lakwal su buɗe masu lokacin wasanni. Ƴan kasuwar da ke zuba kyaututtuka ranar gasa, su rage kaɗan su kai filin koyo. Buhun siminti da ake yi wa zakara alƙawari yana da kyau, amma amalanken rairayi biyu a filin yara shi ke haifar da zakaran.

Na shida, kuma wannan ba ya jiran kowa: a kafa dokar "na sallama" a kowane gida da kowace fada. Duk wasan da yara suke yi, wanda ya faɗi wannan kalma ko ya bubbuga, a sake shi nan take. Wanda ya ƙi saki, a hana shi fage. Shaƙe wuya kuwa a hana shi gaba ɗaya, babu shi a kokowarmu, kuma ba abin koyo daga salula ba ne. Manyan fada, ku ne kuke kusa da su fiye da iyayensu, wannan aikinku ne.

Ba za mu yi wa kowa romon baka ba. Filin koyo ba zai hana samari tafiya cin rani ba, ba zai cika rumbu ba, kuma yawancin yaran da za su shige shi ba za su taɓa ganin takobi ba sai a hoto. Amma akwai abin da kowannensu zai fita da shi. Yaron da aka kayar sau ɗari ya tashi bai zagi kowa ba, ya koyi riƙe zuciya. Wanda ya saba sakin abokinsa da zarar ya ce na sallama, ya koyi cewa ƙarfi yana da iyaka. Wanda ya ga da idonsa cewa abin da ya gagare shi bara bana ya iya, ba zai yi saurin yanke ƙauna a karatu ko sana'a ba. A yankin da kowa ya san irin masu zawarcin samarinmu, musamman ta bakin iyaka, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Manoman Dan Saga da kewaye sun riga sun nuna mana hanya da sassaben zamani. Da can in an ga toho a jikin kututture, sarewa ake yi. Da aka koyi zaɓen ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a kare su daga dabbobi, shekaru kaɗan gonaki suka koma da itatuwa. Ba wanda ya nemi inuwa a jikin tohon a shekarar farko.

Kaka tana zuwa, ganga za ta tashi a dandali. In kun ga an kayar da ƙaramin yaro, kafin ku yi shewa, wani dattijo ya matsa ya kama hannunsa, ya nuna masa inda ya bar ƙafarsa, ya ce masa gobe da la'asar ka same ni a fili. Da rarrafe yaro kan tashi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.